Ƙahon saniya da sunan ƙauye: tambayoyi da amsoshi kan farar giyar inabin Faransa

Duk wanda ya ji na yi karatun noma a Montpellier, har na yi aikin kaka biyu a wata gonar inabi mai noman bayodinamik a kudancin kogin Rhône, sai ya jefo mini tambaya. Wasu don neman sani, wasu don tsokana. Na tattaro waɗanda suka fi yawan dawowa. Sunayen yankuna da na ire-iren inabi na bar su yadda Faransawa suke rubuta su, domin haka za ku gan su a takarda.

Kai Musulmi, me ya kai ka maganar giya?

Giya haramun ce a Musulunci, wannan ba abin ja-in-ja ba ne, ni kuma ba na sha. Abin da na sani na ɗanɗano, daga 'ya'yan inabin ne a jikin kurangarsu; na cikin kofi kuwa sai dai in faɗi abin da masu sana'ar suke faɗa. Noma da doka ne suka kai ni. Ban ga wata sana'a da aka rubuta wa kowace gona ƙa'idarta dalla-dalla, aka ɗaure sunan ƙauye da abin da ƙasarsa take fitarwa, kamar noman inabi a Faransa ba. Wanda yake son ya gane yadda ake kare sunan amfanin gona, a nan zai ga abin a nune.

Mene ne noman bayodinamik ɗin?

Asalinsa laccoci takwas ne da wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, Rudolf Steiner, ya gabatar wa manoma a watan Yuni na 1924 a Koberwitz, garin da yanzu yake cikin Poland. Manoman sun koka masa cewa tun da takin zamani ya shigo, ƙasarsu ta gaji, iri yana lalacewa, dabbobi suna yawan ciwo. Shi ba manomi ba ne, kuma bai kai shekara bayan laccocin ba ya mutu, a 1925. Almajiransa ne suka mai da maganar aiki.

Tunanin shi ne gona kamar jiki guda take: ƙasa, shuka, dabba da mutum, kowa yana ciyar da kowa, bai kamata a riƙa sayo ƙarfin gona daga waje a buhu ba. Ba takin zamani, ba maganin ciyawa, ba maganin ƙwari na kamfani. Zuwa nan, duk wanda ya taɓa ganin Bafulatani ya zaunar da garke a gonar wani bayan girbi ba zai ga baƙon abu ba. Inda bayodinamik ya rabu da sauran noman gargajiya shi ne haɗe-haɗe tara masu lamba 500 zuwa 508, da kuma bin kalandar wata da taurari.

Da gaske ne ana binne ƙahon saniya?

Da gaske. Da hannuna na yi.

Idan kaka ta yi, a wajen watan Oktoba, sai a samo ɗanyen kashin saniya a ɗura a ƙaho, a jera ƙahonin a rami, a rufe. Sai sanyi ya wuce, wata shida ke nan, a tono. Ranar da muka tono namu na zo da ƙyalle a hanci, ina jiran wari. Maigidan gonar ya buga bakin ƙaho ɗaya a tafin hannunsa, wani baƙin abu mai laushi ya faɗo, ya miƙo mini. Ba wari ko kaɗan. Ƙamshin ƙasa ne, irin na ranar ruwan farko. Wannan shi ne lamba 500.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Giram 100 kacal ake sa wa hekta guda, a cikin ruwa kamar lita 30 zuwa 35. Amma kafin a fesa sai an dama shi awa ɗaya cur. Ka juya ruwan da sanda gefe guda har ya yi rami a tsakiya kamar guguwa, sai ka katse shi ka juya ta ɗaya gefen, haka dai ba tsayawa. Manyan gonaki suna da injin da yake yi musu. Mu da hannu muka yi, a gangar jan ƙarfe, da la'asar sakaliya. Minti ashirin na yi kafaɗata ta ce ba da ita ba, matar maigidan ta karɓa tana dariya. Da yamma ake yayyafa shi a ƙasa, manyan ɗigo kamar yayyafi.

Lamba 501 kishiyarsa ce. Farin dutse mai ƙyalli ake niƙawa ya koma gari, a ɗura a ƙaho, a binne lokacin zafi. Shi giram 4 ya isa hekta, kuma da sassafe ake fesa shi a ganye, siriri kamar hazo. Suna cewa na farko yana jan saiwa ƙasa, na biyu yana jan shuka wajen haske. Daga 502 zuwa 507 furanni ne da ganye da ɓawon itace da ake sa wa tarin taki, wasu bayan an tsima su a hanjin saniya, ko mafitsarar barewa, ko ƙoƙon kan dabba. Na 508 wata ciyawa ce da ake dafawa a fesa don rage fumfuna.

Da na ba mahaifina labari a waya, sai ya yi shiru, can ya ce: "To, ɗana, da mu ne muka yi wannan, da sun ce tsafi ne."

Ina ruwan wata da taurari a ciki?

Wata Bajamusa, Maria Thun, ce ta yaɗa wannan ɓangaren. Tun farkon shekarun 1960 take fitar da kalanda duk shekara, har ta rasu a 2012, iyalinta suka ci gaba. Ta raba kwanaki gida huɗu bisa burujin da wata yake ratsawa: ranar saiwa, ranar ganye, ranar fure, ranar 'ya'ya. Mai inabi yana so sassabe da girbi su faɗo a ranar 'ya'ya.

A aikace dai, idan inabi ya nuna kuma hadari ya haɗo, ban ga wanda ya tsaya duba kalanda ba. Kowa almakashinsa yake ɗauka.

Kimiyya ta tabbatar da shi?

Nan ne ake rigima, kuma sai an raba maganar biyu.

Akwai gwajin da aka fara a Therwil ta ƙasar Suwizalan tun 1978, ana kiransa DOK, inda ake noma filaye kafaɗa da kafaɗa: wani da bayodinamik, wani da takin gargajiya zalla, wani da sinadaran zamani. Rahoton shekara 21 da aka buga a 2002 ya nuna amfanin filayen da ba sinadari ya gaza da kamar kashi 20 cikin 100, amma ƙasarsu ta fi rai, ta fi tsutsa da ƙananan halittu, ta fi riƙe jikinta. A Geisenheim ta Jamus ma tun 2006 ake irin wannan gwaji a kan inabi kansa, can ma an ga kurangar da ba a ba sinadari ba tana rage toho da yawan 'ya'ya.

To, wannan ya nuna taki da ciyawar rufe ƙasa da barin guba suna aiki. Bai nuna ƙaho ne ya yi aikin ba. Idan aka kwatanta bayodinamik da noman da ya bar sinadari amma bai binne ƙaho ba, bambancin ƙarami ne, wani lokaci a gan shi, wani lokaci a rasa. Batun ƙarfin taurari da yake sauka ta ƙaho kuwa, ba ma'aunin da ya taɓa kama shi, masana da dama kai tsaye suke kiransa camfi.

Ni ga inda na tsaya. Ban yarda da bayanin Steiner ba. Amma na ga manomin da kalanda da haɗe-haɗen nan suka tilasta wa shiga gonarsa kullum, a ƙafa, yana ɗaga ganye yana duba bayansa. Maƙwabcinsa kuwa sau ɗaya a mako biyu yake wucewa a kan tarakta da tankin feshi. Na farkon yana ganin cuta tun tana tabo guda. Idan ƙahon ne ya fitar da shi daga ɗaki, to ƙahon ya yi rana.

Meye bambancinsa da abin da suke kira "bio"?

"Bio" doka ce ta Tarayyar Turai, tambarinta koren ganye mai taurari, a Faransa kuma har da haruffan AB. Gonar inabi tana shekara 3 tana sauya hali kafin a ba ta. Bayodinamik kuwa ba gwamnati ce take ba da shi ba, ƙungiyoyi ne masu zaman kansu guda biyu: Demeter, wadda tambarinta ya samo asali tun 1928 kuma ta shafi kowane irin amfanin gona, da Biodyvin, wadda masu inabi suka kafa a 1995 don kansu kaɗai. Dukkansu sai kana da "bio" tukuna suke duba ka.

Kada a ɗauka ba sa feshi. Suna yi, har ma sukan fi yawan zagaye, domin maganinsu ruwan sama yana wanke shi. Farar wuta suke sa wa farar fumfuna, ruwan jan ƙarfe kuma ga fumfunar damina, wadda ta shigo Faransa daga Amurka a 1878. Haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa da Alexis Millardet ya fito da shi a Bordeaux a 1885 har yau shi ne makamin. Aibinsa kuwa, jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake a ƙasa yana kashe tsutsar da ake fafutukar rayawa. Tun 2019 Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara. Demeter ta sauko zuwa 3. A shekarar da ruwa ya yi yawa, wannan iyaka kan sa mutum ya zuba ido rabin gonarsa ta tafi.

A ɗakin matsa ma akwai ƙa'ida. Farar giya marar zaƙi ta gama-gari an yarda ta kai miligiram 200 na sinadarin farar wuta a lita, ta "bio" 150, ta Demeter a Faransa 90. Sun kuma fi son a bar ruwan ya tsima da yis ɗin da yake jikin 'ya'yan, ba na sayarwa a leda ba.

To, ita AOC fa, mece ce?

Sunan wuri ne da doka ta tsare. Ba wanda zai rubuta Cassis ko Jurançon a kwalba sai inabinsa ya fito daga filayen da aka shata, da irin da aka amince, da yawan da aka ƙayyade, da hanyar da aka rubuta.

Algus ne ya haife ta. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya cinye gonakin Faransa, ba a tsira ba sai da aka yi wa inabin Turai aure da gindin na Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro. A tsakanin nan kasuwa ta cika da jabu: ruwa, sukari, busasshen inabi, da giyar wani wuri da sunan wani wuri. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman Languedoc suka yi bore ƙarƙashin Marcelin Albert, sama da mutum rabin miliyan suka cika Montpellier a rana guda. A 1911 na Champagne suka ƙona rumbunan 'yan kasuwar da suke shigo da inabin waje.

A Châteauneuf-du-Pape wani lauya kuma manomi, Baron Le Roy, ya haɗa maƙwabtansa tun 1923 suka rubuta wa kansu ƙa'ida. Shi da Sanata Joseph Capus suka tura maganar har ta zama dokar 30 ga Yuli 1935, wadda ta kafa hukumar da yanzu ake kira INAO. Ranar 15 ga Mayu 1936 aka fitar da sunaye shida na farko: Arbois, Cassis, Châteauneuf-du-Pape, Cognac, Monbazillac da Tavel. Yanzu na giya sun haura 300. A harshen Tarayyar Turai AOP ake cewa. Ƙasa da ita akwai IGP, mai faɗin yanki da sassaucin ƙa'ida, sai ta ƙarshe, Vin de France, wadda ba ta da ikon ambaton ƙauye ko yanki.

Abin lura: AOC ba ruwanta da ko ka fesa guba ko ba ka fesa ba. Tana faɗin daga ina. Tambarin Demeter ko Biodyvin yana faɗin ta yaya aka noma. Alkawari biyu ne daga hannu biyu.

Me ya sa ake haɗa iri-iri, ba a bar ɗaya ba?

Dalilin da ya sa mai miya ba ta dogara da gishiri kaɗai. Wani irin yana da tsami ba kauri, wani kauri ba ƙamshi, wani ƙamshi amma ba ya jure ajiya. Dalili na biyu shi ne tsoron shekara. Ire-iren ba sa fure tare, ba sa nuna tare. Idan sanyi ya ƙone mai saurin toho, mai jinkiri ya tsira. A kudu, inda rana take cinye tsamin inabi, haɗi ya zama dole. A arewa mai sanyi iri ɗaya kan iya tsayawa da ƙafarsa.

Yawanci kowane iri daban ake girbe shi, daban ake matsa shi, daban yake tsimuwa, sai bayan watanni a zauna da ƙananan kwalabe ana gwada kaso. Shi ya sa kason bana ba lallai ya zama na baɗi ba.

Wane yanki yake haɗa me?

Bordeaux tukuna. Ma'auratan can su ne Sauvignon blanc da Sémillon, wani lokaci da ɗan Muscadelle. Sauvignon a baki tsami ne mai kaifi da ƙamshin ɗanyar ciyawa. Sémillon fatarsa siririya, ruwansa mai kauri, shi ne mai jure shekaru. Mai sauƙin kuɗi tana fitowa daga Entre-deux-Mers, ƙasar da take tsakanin kogin Garonne da Dordogne. Mai tsada daga tsakuwar Graves da Pessac-Léognan, wadda aka yanke ta zama suna mai zaman kansa a 1987. A Sauternes da Barsac kuwa hazon safiya daga ƙaramin kogin Ciron yana kawo wata fumfuna da take tsotse ruwan 'ya'yan ta bar zaƙi, ana bin gona sau da yawa ana tsince waɗanda suka yamutse, doka kuma ba ta yarda a wuce lita 2,500 a hekta ba. Bordeaux tana kusa da teku, damshi ya yi mata yawa, saboda haka bayodinamik ya yi wuyar shiga. Château Climens ta Barsac ta koma a 2010, sai dai ita Sémillon zalla take nomawa.

A arewacin Rhône, wato Hermitage, Crozes-Hermitage, Saint-Joseph da Saint-Péray, biyu ne kawai: Marsanne da Roussanne. Marsanne jaki ne, mai haƙuri, mai yawan 'ya'ya. Roussanne amarya ce, ga ƙamshi ga shagwaɓa, iska ta karya ta, fumfuna ta kama ta, shi ya sa manoma da yawa suka rage ta. Gidan Chapoutier a Tain-l'Hermitage ya rungumi bayodinamik tun farkon shekarun 1990, kuma tun 1996 yake buga rubutun makafi a takardar kwalabensa. Maƙwabciyarsu Condrieu ba ta haɗi, Viognier kaɗai.

Châteauneuf-du-Pape ita na fi sani. Sunan yana nufin sabuwar fadar Fafaroma, daga ƙarni na 14 lokacin da fafaromomi suke zaune a Avignon. Iri 13 doka ta yarda da su, fara kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake yi ba. Grenache blanc yana tara sukari da wuri, tsaminsa ya zube. Clairette da Bourboulenc suna jinkiri, su suke riƙe da tsamin. Roussanne ta kawo ƙamshi. Picpoul da Picardan 'yan rakiya ne. A Château de Beaucastel Roussanne ce mafi rinjaye, a Domaine de Marcoux, wadda ta koma bayodinamik tun wajen 1990, Roussanne da Bourboulenc ake haɗawa. Abin da ya sauƙaƙa musu barin sinadari iskar mistral ce, busasshiya mai sanyi daga arewa, 'yar'uwar hunturunmu, wadda take busar da ganye bayan ruwa. Wasu gonakin kuma ba ka ganin ƙasa sai mulmulallun duwatsu kamar kan jariri, da rana su gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Garin nan ne, ku ji, magajin garin ya kafa doka a 1954 ya hana faifan 'yan sama-jannatin wata duniya sauka a gonakinsa.

Sauran a taƙaice. Cassis, bakin teku kusa da Marseille, Marsanne da Clairette ne ginshiƙi, da Ugni blanc. Jurançon, gindin duwatsun Pyrénées kusa da Pau, Gros Manseng da Petit Manseng da Courbu. Petit Manseng akan bar shi ya bushe a jikin kuranga har Nuwamba ko Disamba. Cheverny a kwarin Loire, Sauvignon da ɗan Chardonnay. A Jura, Chardonnay da Savagnin.

Na ji a Alsace a gona ma ake gauraya su?

Alsace ta bambanta: a can sunan iri ne babba a kwalba, Riesling ko Gewurztraminer, haɗi kuma an daɗe ana raina shi. Akwai Edelzwicker, haɗin yau da kullum, da Gentil, wanda aƙalla rabinsa sai ya fito daga Riesling, Muscat, Pinot gris ko Gewurztraminer.

Sai Jean-Michel Deiss na gidan Marcel Deiss a Bergheim ya komo da tsohuwar al'ada: a shuka ire-ire a cakuɗe a fili ɗaya, a girbe rana ɗaya, a matsa tare. Hujjarsa ita ce idan iri ɗaya ne, muryar irin kake ji, idan suka yi yawa sai su rufe wa juna baki, muryar ƙasar ta fito. Ya sha fama da hukuma kafin a 2005 a yarda babbar gonar Altenberg de Bergheim ta fito a haɗe. Ranar da malaminmu yake bayanin wannan kamar sabon abu, ni gonar gero da wake da dawa nake gani a raina.

Alsace ɗin dai tana cikin wuraren da bayodinamik ya fara shiga gonar inabi: Eugène Meyer na Bergholtz ya koma bayodinamik a 1969, bayan maganin feshi ya taɓa masa ido.

Sunayen da aka fi ji, Joly da Leflaive, su ma haɗi suke yi?

A'a. Nicolas Joly, wanda ya bar aikin banki ya koma gonar gidansu, Chenin zalla yake nomawa a Coulée de Serrant, hekta 7 da sufayen Kirista suka fara shukawa a 1130, gonar da take da AOC tata ta kanta. Ya fara gwaji a 1980, zuwa 1984 ya mai da duka. Anne-Claude Leflaive a Puligny-Montrachet Chardonnay zalla ce. Ta yi shekaru tana gwada hanyoyi biyu gefe da gefe kafin ta mai da gonar gaba ɗaya a 1997. Shigarsu ce ta sa aka daina yi wa abin dariya a fili.

Ana samun saɓani tsakanin waɗannan manoma da hukuma?

Sosai. Olivier Humbrecht na Zind-Humbrecht, wanda ya daɗe yana shugabancin Biodyvin, yana da wata fara mai suna Zind, haɗin Chardonnay da Auxerrois. Dokar Alsace ta daɗe ba ta yarda da Chardonnay ba sai a giya mai kumfa. Don haka kwalbar ɗaya daga cikin gidajen da aka fi girmamawa a yankin take fita a matsayin Vin de France, aji na ƙasa, ba ta isa ta ce daga Alsace take ba.

Ta Emmanuel Giboulot ta fi zafi. A 2013 hukumar jihar Côte-d'Or ta umarci kowa ya fesa maganin wani ƙwaro mai yaɗa cutar flavescence dorée. Shi, manomin bayodinamik a Beaune, ya ƙi, ya ce ba a ga cutar a kusa da shi ba, maganin kuma zai kashe ƙwari masu amfani. A Afrilun 2014 kotu ta ci shi tarar Yuro 1,000, rabi a jingine. A Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta wanke shi, bisa kuskuren da aka samu a yadda aka fitar da umarnin. Wasu abokan sana'arsa, har masu "bio", ba su goyi bayansa ba, kuma ina ganin suna da tasu gaskiyar: cutar ba ta da magani sai tuge kuranga, ƙwaro kuma bai san iyakar gona ba.

Ɗumamar yanayi ta taɓa haɗin?

Ta taɓa. Girbi ya matso da mako biyu zuwa uku a yankuna da dama in aka kwatanta da shekarun 1980, sukari yana hawa, tsami yana sauka. Irin da a da ake raina su don jinkirin nuna, kamar Bourboulenc da Clairette, yanzu su ake nema. A 2021 aka yarda wa Bordeaux ta gwada sabbin iri shida, biyu farare: Alvarinho na Fotugal da Liliorila, da sharaɗin kada su wuce kashi 5 na gona da kashi 10 na haɗi. A Afrilun shekarar kuma sanyi ya daskarar da sabon toho a kusan ko'ina, manoma suka kwana suna kunna wuta a gwangwani tsakanin kunyoyi.

Wanda aikinsa ya haɗa shi da kwalaben nan, a otel ko a kwastan, me zai duba?

Sunan wuri da AOC ko AOP a ƙarƙashinsa, shekarar girbi, sunan wanda ya ɗura da inda ya ɗura. Tambarin Demeter ko Biodyvin yawanci a baya yake, wasu gidajen ma suna da shi ba sa bugawa. Sau da yawa ba za a ga sunan iri ba sam, an ɗauka wanda ya ga Cassis ya san abin da yake ciki. In an rubuta iri ɗaya, doka ta ce aƙalla kashi 85 shi ne. Kalmomi irin su "nature" ko hoton wata da ƙaho ba shaida ba ne.

Mu da ba ma sha, ina abin ya shafe mu?

Ta wajen suna. Tsarin nan bai tsaya a giya ba. Cukun Roquefort ya samu kariyarsa tun 1925, kafin kowace giya. Ƙungiyar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, ta ɗauko shi: a 2013 ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru da gahawar Ziama-Macenta ta Gini rajista, daga baya kilishin Nijar da albasar Galmi suka shiga. Duk wanda ya ga yadda ake tallar kowace jar albasa a kasuwannin Abijan da Akara da sunan Galmi ya san ciwon da manoman Champagne suka ji a 1911.

Sai dai takardar ita ce mafi sauƙi a aikin. A gonar da na yi aiki, ana gama girbi maigidan ya zauna ya cike takardar shaida, fili-fili, lita-lita, ya aika. Wata rana mai bincike ya zo ba sanarwa, ya shiga kunya ta bakwai ya ƙirga gindi nawa suka mutu ba a maye ba, ya auna tazarar layi, ya nemi littafin feshi. Kuɗin zuwansa kuma daga aljihun manoman yankin yake fita, su suka yarda su biya, su ne kuma suke zama su yanke wa wanda ya saɓa.

Ƙahonin nan daga ina suke samo su, tunda shanunsu da yawa ba ƙaho?

Matsala ce ta gaske. Yawancin shanun madara a Turai tun suna 'yan maruƙa ake ƙone musu tushen ƙaho, Demeter kuwa ta hana yin haka a garken mambobinta. Ƙahon da ake so na saniya ne wadda ta haihu, ba na sa ba. Ana gane shi da nauyi da kuma zobban da suke gindinsa. Daga mahauta ake tarawa, ƙungiyoyin manoma su raba, wasu kuma su sayi haɗin a shirye. Ƙaho ɗaya yakan yi binni uku ko huɗu kafin ya yi laushi. Da na nuna wa maigidan hoton jajayen shanun Bororo a wayata, ya daɗe yana buɗe hoton da yatsa biyu, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da ƙaho a Maraɗi.